Kwanan Zaune Don Karatu: Illarsa ga Ƙwaƙwalwa da Jikin Ɗalibi

Kwanan zaune shi ne mutum ya kai asuba bai runtsa ba, ko kuma ya ɗan kishingiɗa awa ɗaya ko biyu kawai. Ɗalibai suna kiransa TDB, wato karatu har wayewar gari. A Haɗejiya da kewaye an fi yinsa gab da jarrabawar zango ko lokacin miƙa kundin bincike, a makarantu irin su Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Binyaminu Usman da Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa. 'Yan sakandare kuma nasu lokacin shi ne na WAEC da NECO, daga Mayu zuwa Yuli. Idan kana cikin masu yi, ka sani cewa daren da ka hana kanka barci shi ne daren da ƙwaƙwalwarka take buƙata don ta riƙe abin da ka karanta.

Me barci yake yi wa karatu?

Matashi mai shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10 a kullum, babba kuma awa 7 ko fiye. Abin da ka karanta da rana yana fara sauka ne a wani ɗan sashe na ƙwaƙwalwa mai suna hifokamfus, wanda ajiyarsa ta wucin gadi ce. A cikin barci mai nauyi ne ƙwaƙwalwa take bitar wannan karatu, ta tura shi ma'ajiya mai ɗorewa. Kamar shinkafar da aka yanka ce aka bar ta a fadama: an yi wahalar, amma idan ba a kai ta rumbu ba, ba ta zama taka ba tukuna.

A shekarar 2000, Robert Stickgold da abokan aikinsa a Jami'ar Harvard ta Amurka sun koya wa mutane wani aiki na tantance siffofi da ido, sannan suka hana wasunsu barci a daren farko. Ko bayan waɗannan sun rama barci dare biyu, aikinsu bai gyaru ba, alhali na waɗanda suka yi barci ya gyaru. Wani bincike da aka wallafa a 2019 kan ɗaliban jami'ar MIT, waɗanda suka ɗaura agogon auna barci tsawon zango guda, ya gano cewa makinsu ya fi bin yadda suka yi barci a mako da watan da suka gabaci jarrabawa. Wato ramuwar dare ɗaya ba ta biyan bashin makonni.

Da safiyar jarrabawa kuma akwai wata asarar. Wanda ya kwana zaune yana iya tuno ma'anar da ya haddace, amma lissafi, rubutun sharhi da fahimtar tambaya mai lauje cikin naɗi su ne suke fara lalacewa. Abin da ya fi damun likita shi ne, mai rashin barci ba ya iya auna lalacewar tasa: yana ji garau yake, alhali ya karanta layi ɗaya sau uku.

Goro, Nescafe da ƙwaya

Tun daga lokacin da ka farka, wani sinadari mai suna adinosin yana taruwa a ƙwaƙwalwa, shi ne yake kawo jin barci. Kafiyin da ke cikin goro, kofi, shayi da lemon ƙarin kuzari ba ya kawar da shi, toshe masa hanya kawai yake yi. Da ƙarfinsa ya ragu, barcin da aka tare zai zo gaba ɗaya, sau da yawa a ɗakin jarrabawa. Jiki yana ɗaukar kimanin awa 5 kafin ya fitar da rabin kafiyin da aka sha, don haka kofin da ka sha bayan isha'i yana nan a jininka har asuba. Babba mai lafiya kada ya wuce miligiram 400 a yini, kusan kofi huɗu ke nan, matashi kuma ƙasa da haka sosai. Fiye da kima yana kawo bugun zuciya, rawar hannu, fargaba da zafin ƙirji.

Tramol kuwa babu ruwansa da karatu. Maganin ciwo ne mai kama jiki, kuma yana iya jawo jijjiga ko ga wanda bai taɓa yi ba, musamman idan ya haɗu da rashin barci. Haka maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin Najeriya ta hana haɗawa da shigowa da shi a 2018.

Haɗarin da ya shafi wannan yanki

Jarrabawar NECO tana faɗowa ne a damina, lokacin da fadamun Kogin Haɗejiya da gonakin shinkafa suke cika da ruwa. Sauron da ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro da dare yake cizo, daidai lokacin da ɗalibi yake zaune a baranda ko a aji babu gidan sauro. Alamomin sukan bayyana bayan kwana 10 zuwa 15, wato mai yiwuwa a tsakiyar jarrabawar da aka yi wahalar dominta. Idan dole ne ka yi karatun dare, ka shiga cikin gidan sauro da fitilarka.

Sai janareta. Hayaƙinsa yana ɗauke da iskar kabon monoksayid, wadda ba ta da wari ko launi. Ciwon kai, jiri da kasala su ne alamominta na farko, kuma mai kwanan zaune zai ɗauka gajiya ce kawai. Kada a taɓa kunna janareta a ɗaki, a zaure ko a gindin taga.

Game da hanya kuma, bincike ya nuna cewa wanda ya yi awa 17 zuwa 19 ido biyu, saurin hankalinsa yana raguwa kamar na wanda barasa ta kai kashi 0.05 cikin ɗari a jininsa, matakin da ƙasashe da yawa suka hana tuƙi da shi. Gyangyaɗin daƙiƙa biyu a kan babur tsakanin Haɗejiya da Kafin Hausa ya isa. Ka bar wani ya tuƙa.

Idan lokaci ya ƙure maka

Gara ka kwanta bayan isha'i, ka samu ko da awa 5 zuwa 6, ka tashi kafin asuba ka ci gaba, da ka miƙe daren gaba ɗaya. A lokacin bazara wannan ma shi ne sa'in da iska take da sanyi. Barcin rana na minti 20 zuwa 30 bayan azahar yana wartsakar da hankali. Idan ya zarce haka, za ka tashi da nauyin kai. Ka rufe littafi ka gwada kanka da tsofaffin tambayoyi, domin hakan ya fi maimaita karatu amfani nesa ba kusa ba. Idan aikin miƙawa ne, ka je wa malami tun kafin ranar ka nemi ƙarin lokaci.

Yaushe za ka ga likita?

Mai farfaɗiya kada ya yi kwanan zaune ko sau ɗaya, domin rashin barci yana cikin manyan abubuwan da ke tayar da ita. Haka wanda ya taɓa samun larurar ƙwaƙwalwa, da mai ciwon ɓarin kai. Ka je Babban Asibitin Haɗejiya ko asibitin makarantarku ba tare da jinkiri ba idan aka samu jijjiga, suma, ciwon ƙirji, ruɗewa, ko jin muryoyin da wasu ba sa ji. Idan abokin ɗakinka ya kwana uku bai yi barci ba kuma ba ya jin gajiya, yana ta surutu fiye da yadda aka san shi, ka raka shi asibiti a ranar. Idan kuma jarrabawa ta wuce amma har yanzu barci ba ya zuwa, dare uku ko fiye a mako, ka zo a duba ka, kada ka sayi maganin barci a kemis.