Ƙasar Gaya da Ajingi: daga tafiyar ƙafa zuwa ciwon gwiwa

Tarihin Kano ya ce maƙera ne daga Gaya, waɗanda ake kira Abagayawa, suka bi sawun tama har gindin dutsen Dala suka zauna, tun kafin zuwan Bagauda. Kimanin kilomita 60 ne tsakani, kuma da ƙafa suka cinye su. A haka ƙasar Gaya da Ajingi ta rayu ɗaruruwan shekaru. Manomi ya yi sammako zuwa gona, mai nono ta naɗa gammo ta nufi gari, a koro shanu ta burtali zuwa kasuwar Wudil ta ranar Juma'a. Fataken ƙasar Kano kan bi madugu zango-zango har Gwanja neman goro, maniyyata kuma su ratsa Barno da Cadi da Sudan, wasu sai sun shekara da shekaru. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, amma layinsa bai biyo ta Gaya ba. Keke ne ya fara rage tafiyar, sai baburan Sin da Indiya masu araha suka ƙarasa ta bayan shekarar 2000, har ta kai dattijo kan hau acaɓa zuwa masallacin Juma'ar da ubansa ya riƙa takawa.

Yau idan tsohuwa ta fara dafa bango kafin ta miƙe daga tabarma, ko tsoho ya koma sallah a kan kujera, sai 'ya'ya su ce: "Baba, ka zauna, ka huta." Tausayi ne ke sa su faɗi haka, amma shawarar tana da illa. Guringuntsin gwiwa ba shi da jijiyar jini, daga ruwan gaɓa yake samun abincinsa, kuma sai an taka an ɗaga wannan ruwa ke shiga yana fita. Naman cinya da ke tallafar gwiwa shi ma zama na saɓule shi, ga ƙiba da ke biyo baya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 365 ne ke fama da cutar zaizayewar gwiwa. Wani bincike da aka fitar a Amurka a 2022, kan mutum sama da 1,000 'yan shekara 50 zuwa sama masu cutar, ya gano cewa masu tattaki don motsa jiki sun fi marasa yi tsira daga sabon ciwo mai naci da kusan kashi 40 cikin 100.

Za a ce ai kakannin nan da suka sha tafiya su ma da sanda suka ƙare. Gaskiya ne, kuma bai kamata a raina wannan magana ba. Sai dai a duba yadda suka yi tafiyar: da dami a ka, da tulu, da wunin tsuguno da durƙuso a gona ko a madafa. Likitoci sun daɗe da sanin cewa ɗaukar kaya masu nauyi da yawan tsuguno na cin gwiwa. Babur ya ɗauke mana tafiyar, wadda ita ce mai amfani, ya bar wa manomin Ajingi fartanya da buhu. Akwai kuma mai cewa ɗan ƙauye ba ya buƙatar tattaki tunda yana noma. Noman damina ne, watanni kaɗan. Rani na yi, dattijon da gwiwa ta taɓa sai ya wuni a dakali.

Ba kowace gwiwa ba ce za a ce ta taka. Wadda ta kumbura ta yi zafi rau, ko take maƙalewa, asibiti take buƙata, ko na Gaya ko Asibitin Ƙashi na Dala, kafin a kai ta ga ƙaho ko sakiya. Amma mai ciwon da ke lafawa idan jiki ya sake, ya fara da minti 10 bayan asuba, a hanya shimfiɗaɗɗiya, da takalmi mai laushi da sandarsa, ya riƙa ƙarawa sannu a hankali. 'Ya'ya da jikoki, ku daina miƙo wa Baba babur don tafiyar da ba ta wuce ƙofar masallaci ba, ku tashi ku raka shi da ƙafa.