Nusuk (manhaja)

Nusuk (da Larabci: نسك) manhajar wayar hannu ce kuma shafin intanet, mallakar Ma'aikatar Hajji da Umra ta ƙasar Saudiyya. Ta cikinta ne maniyyata suke neman izinin yin Umra da izinin shiga Rauda a Masallacin Annabi (SAW) da ke Madina, mazauna wasu ƙasashe kuma ta nan suke sayen kujerar Hajji. An ƙaddamar da ita a watan Satumba na shekarar 2022 domin ta maye gurbin manhajar Eatmarna, wadda aka ƙirƙira lokacin annobar korona. Tun daga Hajjin 2024, katin shaida mai suna Katin Nusuk ya zama dole ga duk wanda zai shiga wuraren aikin Hajji. Da yake mahajjaci ba shi da hanyar kauce wa tsarin, ana yawan ambaton Nusuk idan ana maganar sirrin bayanan alhazai.

Asalin suna

Kalmar nusuk ta Larabci tana nufin ibada, musamman ayyukan Hajji da Umra da yankan da ake yi domin neman kusanci ga Allah. Ta fito ne daga tushe mai baƙaƙe uku, n-s-k, wanda daga gare shi ne aka samo kalmar manasik da malamai suke amfani da ita wajen bitar maniyyata. Sunayen manhajojin da suka gabace ta ma daga kalmomin addini suke. Eatmarna na nufin "mun yi Umra", Tawakkalna kuma na nufin "mun dogara", tushenta ɗaya da kalmar tawakkali da Hausa ta aro.

Tarihi

Tun kafin zuwan Nusuk hukumomin Saudiyya suke neman hanyar gane kowane alhaji a cikin taron da ya kan kai mutum miliyan biyu. A turmutsutsun Mina na ranar 24 ga Satumba, 2015, Saudiyya ta ce mutum 769 ne suka rasu, yayin da ƙididdigar kamfanin dillancin labarai na AP ta haura 2,400. Najeriya da Nijar suna cikin ƙasashen da suka rasa alhazai da dama, kuma an ɗauki makonni ana neman waɗanda suka ɓace. A shekarar 2016 aka fara raba abin ɗaurawa a hannu mai ɗauke da bayanan alhaji.

Annobar korona ce ta sa tsarin ya koma kan waya. A ƙarshen Fabrairu 2020 Saudiyya ta dakatar da shigar masu Umra daga ƙasashen waje, Hajjin shekarar kuma kimanin mutum dubu ɗaya ne kacal suka yi shi, bayan kusan miliyan biyu da rabi a 2019. Da aka dawo da Umra a ranar 4 ga Oktoba, 2020, mutum 6,000 kawai aka yarje wa a rana, kuma sai wanda ya samu izini ta Eatmarna. Ita kuwa Tawakkalna, wadda Hukumar Kula da Bayanai da Ƙirƙirarriyar Basira ta Saudiyya, wato SDAIA, ta samar, ita ce take nuna matsayin lafiyar mutum da rigakafinsa.

Bayan annobar ta lafa an ci gaba da amfani da tsarin izinin. A watan Yunin 2022, makonni kaɗan kafin Hajji, aka buɗe shafin Motawif domin maniyyatan Turai da nahiyar Amurka da Ostireliya, inda ake zaɓar su ta hanyar ƙuri'a. Shafin ya sha suka saboda matsalolin biyan kuɗi da jirage da masauki. A watan Satumbar shekarar aka sauya Eatmarna zuwa Nusuk, ƙarƙashin minista Taufik al-Rabi'a, sannan a 2023 sashen Nusuk Hajj ya karɓi aikin da Motawif ya yi.

Ayyukan manhajar

Babban aikin Nusuk shi ne bayar da izini. Mai amfani da ita yakan zaɓi rana da lokaci, sai manhajar ta ba shi lambar QR wadda jami'ai suke dubawa a ƙofa. Izinin Umra da na Rauda kyauta ne. Ma'aikatar tana amfani da wannan hanya wajen rage cunkoso: a watan Disamba 2023 ta sanar cewa sai bayan kwana 365 mutum zai sake neman izinin Rauda, ta kuma sha taƙaita Umrar watan Ramadan zuwa sau ɗaya ga kowane mutum.

Baya ga izini, akwai lokutan salla, alƙibla, Alƙur'ani, taswirori, bayanin yadda ake gudanar da ibadu, da sayen tikitin jirgin ƙasa na Haramain da ke zirga-zirga tsakanin Makka da Madina. A 2024 an ƙara asusun kuɗi na waya, Nusuk Wallet, tare da haɗin gwiwar Bankin Ƙasa na Saudiyya. Akwai kuma Nusuk Masar, sashen da ba na ɗaiɗaikun mutane ba, inda hukumomin alhazai na ƙasashe suke shigar da sunayen maniyyata, su ƙulla kwangilar masauki da abinci da sufuri, su kuma fitar da biza.

Nusuk tana aiki ne tare da wasu tsare-tsaren gwamnatin. Manhajar Saudi Visa Bio ta Ma'aikatar Harkokin Waje tana ɗaukar hoton fuska da zanen yatsun mai neman biza ta waya. Shirin Hanyar Makka kuma yana ba alhazan wasu ƙasashe, kamar Malesiya da Indonesiya da Pakistan da Maroko da Kwaddibuwa, damar kammala binciken shige da fice tun a filin jirgin ƙasarsu.

Katin Nusuk

An fara tilasta amfani da Katin Nusuk a Hajjin shekarar 1445 bayan Hijira, wato 2024. Akwai na ratayawa a wuya, wanda kamfanin da ke yi wa alhaji hidima yake ba shi, akwai kuma kwafinsa a cikin waya. Katin yana ɗauke da suna da hoto da ƙasar alhaji da masaukinsa da kamfanin da ke kula da shi, tare da lambar QR. Da shi ake wucewa a shingayen bincike, kuma yana taimakawa wajen mayar da wanda ya ɓata zuwa tantinsa.

Manufar katin ita ce bambance masu izini da marasa izini. A watan Afrilun 2024 Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya ta bayyana cewa bai halatta a tafi Hajji ba tare da izini ba. A Hajjin shekarar, wanda mutum 1,833,164 suka halarta, zafi ya kai digiri 51.8 a Masallacin Harami. Ministan lafiya ya sanar da rasuwar mutum 1,301, ya ce kashi 83 cikin ɗari na mamatan ba su da izini, don haka ba su samu tantuna masu sanyi da motocin da aka tanadar wa masu izini ba. A 2025 tarar yin Hajji ba izini ta kai riyal 20,000, ta masu taimaka wa marasa izini kuma riyal 100,000, tare da korar baƙo da hana shi shiga ƙasar na shekara goma.

Bayanan da ake tattarawa

Buɗe asusu yana buƙatar lambar fasfo, lambar biza, ƙasa, ranar haihuwa, lambar waya da adireshin imel. Idan aka haɗa da abin da ake bayarwa wajen neman biza, akwai hoton fuska da zanen yatsu da shaidar rigakafi, kamar na sanƙarau, da na shawara da shan-inna ga 'yan wasu ƙasashe. Taswira da alƙibla suna buƙatar sanin inda wayar take. Duk lokacin da aka duba lambar QR kuma, tsarin zai iya sanin wanda ya wuce, da wurin, da lokacin. Ban da wannan, akwai dubban kyamarori da jirage marasa matuƙa da ake sa ido kan taron da su.

Hujjar hukumomi ita ce tsaro da lafiya: sanin adadin mutanen da ke wuri ɗaya, gane mara lafiyar da ba ya iya magana, da sanar da iyalan wanda ya rasu. Masu nazarin sirrin bayanai kuma suna nuna cewa waɗannan bayanai na daga cikin mafi hatsari idan suka fita, domin ana iya sauya lambar sirri amma ba a sauya zanen yatsa. Suna kuma nuna cewa amincewar da maniyyaci ya danna ba ta da ƙarfi sosai, tunda idan ya ƙi ba zai samu biza ko izini ba.

Dokokin kariya

Saudiyya ta fitar da Dokar Kare Bayanan Mutum a watan Satumba 2021, ta yi mata gyara a watan Maris 2023. Ta fara aiki ranar 14 ga Satumba, 2023, aka ba hukumomi da kamfanoni wa'adin shekara ɗaya su daidaita ayyukansu. SDAIA ce take kula da aiwatar da ita. Dokar ta sanya bayanan addini da na lafiya da na halittar jiki, kamar zanen yatsu, cikin bayanai masu buƙatar kulawa ta musamman. Ta ba mutum damar sanin dalilin karɓar bayanansa, da ganinsu, da neman a gyara ko a goge su. Wanda ya fallasa irin waɗannan bayanai da nufin cutarwa ko cin riba zai iya fuskantar ɗaurin da ya kai shekara biyu ko tarar da ta kai riyal miliyan uku. Sai dai dokar ta yarje wa hukumomin gwamnati sarrafa bayanai ba tare da amincewar mai su ba idan dalilin tsaro ne ko na shari'a.

Manhajojin kamfanoni

Alhazai da yawa suna haɗa Nusuk da manhajojin kamfanoni masu nuna alƙibla da lokutan salla, kuma a kan irin waɗannan ne aka samu manyan rahotannin fitar da bayanai. A watan Nuwamba 2020 sashen Motherboard na kafar Vice ya ruwaito cewa Muslim Pro, wadda aka sauke sama da sau miliyan 98 a lokacin, tana aika bayanan wurin da masu amfani suke zuwa ga kamfanin X-Mode, wanda cikin abokan cinikinsa akwai 'yan kwangilar rundunar sojin Amurka. Muslim Pro ta musanta sayar wa sojin bayanai, ta kuma yanke hulɗa da kamfanin. A watan Disamba Apple da Google suka umarci masu manhajoji su cire kayan X-Mode.

A watan Afrilu 2022 aka ruwaito cewa Google ya cire wasu manhajoji daga kantinsa, har da na salla da alƙibla, bayan masu bincike Joel Reardon da Serge Egelman sun gano wani ɓoyayyen tsari na kamfanin Measurement Systems da ke kwasar bayanai. A watan Janairu 2024 hukumar FTC mai kula da cinikayya a Amurka ta hana X-Mode da magajinsa Outlogic sayar da bayanan da ke nuna zuwan mutane wurare masu muhimmanci, ciki har da wuraren ibada. Waɗannan rahotanni ba su shafi Nusuk ba, amma sun nuna cewa manhajar kyauta takan samu kuɗinta ne ta talla ko ta cinikin bayanai.

Alhazan Najeriya da Nijar

Maniyyatan Najeriya ba sa sayen kujera kai tsaye daga Nusuk Hajj. Suna bi ne ta hukumomin jin daɗin alhazai na jihohi ko kamfanonin jirgin yawo, ƙarƙashin Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, wadda aka kafa da dokar 2006 kuma aka ware mata kujeru 95,000 a 2023. A Nijar hukumar COHO ce take wannan aiki. Saboda haka bayanan maniyyaci suna ratsa hannuwa da yawa, daga jami'in ƙaramar hukuma zuwa jiha zuwa tarayya, kafin su isa Saudiyya. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta shafi wannan ɓangare na tafiyar, a Nijar kuma akwai hukumar HAPDP.

Da yawa daga cikin alhazan dattawa ne ko mazauna karkara da ba su da babbar waya ko ba su karanta Larabci da Turanci. Irin waɗannan sukan miƙa fasfo da waya ga ɗan rakiya ko wakili domin ya buɗe musu asusu, wani lokaci da lambar wayarsa da imel ɗinsa, ta yadda asusun yakan ci gaba da zama a hannunsa bayan an dawo gida. Irin wannan dalili ne ya sa a 2025 Babban Bankin Najeriya ya amince a ba alhazai kuɗin guzuri a hannu maimakon ta kati. A ɓangaren harshe, Hausa tana cikin harsuna goma da aka fassara huɗubar Arfa zuwa gare su kai tsaye a 2020.

Matakan kariya

Ma'aikatar Hajji da Umra tana gargaɗi a kowace shekara game da shafukan bogi da masu tallar kujerun Hajji na ƙarya a kafofin sada zumunta. Shawarwarin da aka saba bayarwa sun haɗa da sauke manhajar daga kantin Google ko na Apple bayan tabbatar da cewa ta ma'aikatar ce, da ƙin biyan kuɗi domin izinin da kyauta ne, da ƙin faɗa wa kowa lambar sirrin da aka turo ta waya. Ana kuma shawartar alhaji kada ya yaɗa hoton fasfonsa ko na Katin Nusuk, ya taƙaita damar sanin wurinsa zuwa lokacin da yake amfani da manhaja kawai, ya sauya lambar sirrinsa idan wani ne ya buɗe masa asusu, sannan ya cire manhajojin da ba ya buƙata bayan ya dawo gida.