Tafiyar Wani Ɗan Littafi: Daga Rumfar Kasuwa Zuwa Ƙasar Indiya

Mu da muka yi wayo a garin nan na Jos cikin shekarun 1980 da 1990 ba mu manta da ƙananan littattafan nan na hikaya masu siririn bango ba, waɗanda ake saro su daga Kano a ɗaure cikin kwali, a baza su a bakin kasuwar Terminus da gefen Masallacin Juma'a. A yau muna so mu bi sawun guda ɗaya daga cikinsu, wato Alhaki Kwikwiyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, mu ga irin rigunan da ya sauya a tsawon shekaru, domin akwai abin lura a ciki gare mu.

Kafin zuwan irin waɗannan littattafai, buga littafin Hausa aikin hukuma ne da manyan kamfanoni. Gasar da Rupert East ya shirya a Zariya cikin 1933 ita ta haifar da su Ruwan Bagaja, daga baya kuma kamfanin NNPC da aka kafa a 1966 ya riƙe ragamar. To, da tattalin arziki ya taɓarɓare, musamman bayan shirin SAP na 1986, takarda ta yi tsada, kamfanoni suka koma ga littattafan makaranta inda riba take. Mai labari a hannu kuwa sai ya rasa mai karɓa. Nan fa matasa maza da mata suka ce ba za su zauna jira ba, kowa ya haɗa ɗan jarinsa ya nufi maɗaba'a.

Hajiya Balaraba na cikin na gaba-gaba. Ƙanwa ce ga marigayi Janar Murtala Muhammed, an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, sai daga baya ta koma karatu ta hanyar ajin yaƙi da jahilci a Kano. Littafinta na farko, Budurwar Zuciya, ya fito a 1987, Alhaki Kwikwiyo Ne kuma a 1990. Mu 'yan kasuwa mun san abin da buga littafi da kuɗin aljihu yake nufi. Kai ne mai sayen takarda, kai ne mai biyan maɗaba'a, sannan ka kai wa dillalai su karɓa bashi, sai sun sayar su biya ka. In kaya sun kwanta, asararka ce kai kaɗai. Don haka marubutan suka haɗa kai cikin ƙungiyoyi irin su Raina Kama, inda take tare da su Ado Ahmad Gidan Dabino, suna tallata littattafan juna.

Labarin kansa na gidan ɗan kasuwa ne. Alhaji Abdu ya samu buɗi, ya auro Delu, ya kori uwargidansa Rabi da 'ya'yanta tara. Rabi ta kama sayar da abinci ta riƙe yaranta, har 'yarta Saudatu ta yi aure gidan rufin asiri. Shi kuwa Alhaji gobara ta cinye masa rumfa, amarya ta juya masa baya, ƙarshe aka matsa wa Rabi ta koma ɗakinta. Wannan komawa ta jawo gardama a gidajenmu. Iyayenmu mata na cewa haƙuri ne ya yi rana, 'yan mata na cewa an dai sake danne ta. Mu maza kuwa, gaskiya, da yawanmu shiru muka yi, don kowa ya san wani Alhaji Abdu a layinsu.

Riga ta farko ke nan, takarda. Amma ko a lokacin, masu jin labarin sun fi masu sayensa yawa. Kwafi ɗaya sai ya zaga gida biyar, ga masu ba da haya, ga kuma yarinya 'yar makaranta da za ta zauna bayan sallar isha'i tana karanta wa matan gida da ba su iya boko ba. Malaman jami'a suka yi ta muhawara a jaridu, har Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa irin wannan rubutu sunan Adabin Kasuwar Kano. Wasu sun ɗauki sunan a matsayin raini. Mu dai ba mu ga abin kunya a kasuwa ba.

Riga ta biyu ita ce kaset. Bayan fitowar Turmin Danya a 1990, sana'ar fim ɗin bidiyo ta kankama a Kano, marubuta da dama suka juya littattafansu zuwa fim. Alhaki Kwikwiyo ya zama fim a 1998. Jos ma ba a bar ta a baya ba a wannan sana'a, tun da a nan hedkwatar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya take, kuma yaranmu da yawa sun koyi ɗaukar hoto da tace shi. Sai dai kaset ya ja wa takarda raguwar ciniki, shi ma faifan CD ya zo ya ture shi, masu satar fasaha kuma suka ci ribar da ta kamata ta je ga mai aiki. Daɗin daɗawa, a 2007 an ƙona wasu littattafan hikaya a bainar jama'a a Kano bisa zargin ɓata tarbiyya, abin da ya sanyaya gwiwar marubuta da masu sayarwa.

Riga ta uku ta zo daga inda ba a zata ba. A 2012 wani kamfani mai suna Blaft a birnin Chennai na ƙasar Indiya ya buga fassarar littafin cikin Turanci, wadda Aliyu Kamal na Jami'ar Bayero ya yi, da sunan Sin Is a Puppy That Follows You Home. Abin mamaki, an daɗe ana zargin marubutanmu da kwaikwayon fina-finan Indiya, sai ga Indiyawa sun zo neman namu. Yanzu ana karanta labarin Rabi a jami'o'in Turai da Amurka, ana kuma sayensa a karanta a waya ko kwamfuta.

To, ina darasin? Ranar da babbar kasuwarmu ta ƙone a watan Fabrairun 2002, da yawanmu mun tuna da rumfar Alhaji Abdu. Ba kaya kaɗai wuta da rikice-rikicen da suka faro daga 2001 suka ci ba, har da takardu, da hotuna, da littattafan da ke ajiye a shaguna da gidaje. Yau ka nemi bugun 1990 na wannan littafi a Jos, ka sha wuya, alhali na Turanci yana samuwa daga ƙetare. Waya ma ba ma'ajiya ba ce. Manhajar OkadaBooks, inda marubutanmu da yawa suka zuba littattafansu, ta rufe a 2023.

Abin da ya raya wannan labari shi ne an rubuta shi, an buga, aka kuma samu masu ɗaukarsa daga wannan riga zuwa waccan. Mu kuwa labarin kakanninmu da suka zo haƙar kuza da fatauci, da na unguwanni irin su Gangare da Dilimi, yawancinsa yana bakin tsofaffi, kuma kullum raguwa suke yi. Muna roƙon duk mai tsohon littafi ko kaset a ƙasan akwati ya kawo wa ƙungiya a adana, a ɗauki hotonsa. Mai labari kuma ya rubuta, kada ya jira kamfani. Hajiya Balaraba ba ta jira ba.

Allah ya sa mu dace, amin.