Taba, Baƙin Ciki da Motsa Jiki a Rayuwar Masu Ɗauke da Sida: Nazari Daga Birnin Lalle

Ciwon sida bai yaɗu a Nijar kamar yadda ya yaɗu a wasu ƙasashen Afirka ba. Binciken lafiyar jama'a na 2006 ya sami kashi 0.7 cikin ɗari na manya suna ɗauke da ƙwayar cutar, na 2012 kuma ya sami 0.4. Abin godiya ne, sai dai wanda abin ya faɗa wa yakan ɗauka shi kaɗai ne a duniya, balle a gari irin Birnin Lalle cikin gundumar Dakoro, inda kowa ya san gidan kowa. Maganin rage kaifin cutar kyauta ne a ƙasar, kuma mai riƙe shi da kyau yana iya tsufa cikin iyalinsa da yardar Allah. Saura abubuwa uku da ƙwayar magani ba ta taɓawa, alhali igiya ɗaya ce ta ɗaure su.

Na farko baƙin ciki mai daɗewa, wanda likitoci ke kira ciwon damuwa. Nazarin Ciesla da Roberts na 2001 ya nuna yana kama masu ɗauke da cutar kusan ninki biyu na sauran mutane. A ƙauye ba kasafai ake kiransa da sunansa ba. Za ka ji ana cewa wane ya cika tunani, barci ya ƙaurace masa, ko jiki ya mutu. Magidanci ya juye ƙwayoyinsa cikin wani kwalin don kada matarsa ta gane, ya jira ranar kasuwa kafin ya je karɓo magani don kada a tambaye shi ina za shi. Ɓoyon nan yana cin rai, kuma wanda zuciyarsa ta karye shi ya fi saurin tsallake shan magani.

Na biyu taba. A fada ana dafa shayi, karan sigari na zagayawa hannu zuwa hannu, mai damuwa ya zuƙa ya ji sanyi na ɗan lokaci. Binciken da Helleberg da abokan aikinta suka fitar a 2013 daga Danmak ya gano cewa, inda magani ya wadata, taba na cinye wa mai ɗauke da cutar sama da shekara 12, ita kuwa ƙwayar kanta kimanin 5. A Nijar haɗarin ya fi kusa, domin hayaƙi na buɗe wa tarin fuka ƙofa, tarin fuka kuwa shi ne kan gaba wajen kisan masu sida. Nijar tana da dokar yaƙi da taba tun 2006, amma doka ba ta shiga zuciyar mai neman abin da zai ɗebe masa kewa.

Na uku motsa jiki. Ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 sun ambaci masu ɗauke da cutar kai tsaye: minti 150 zuwa 300 a mako. Manomin da ya wuni yana noman gero, ko matar da ke daka da ɗibar ruwa, ba su rasa wannan ba. Matsalar tana zuwa da rani, bayan an kai amfani rumbu, samari sun tafi ci-rani, marar lafiya ya kulle kansa a ɗaki. Abin da yake bukata shi ne motsi cikin jama'a: ƙwallon yamma, tattaki da aboki bayan la'asar, aikin lambu tare da wasu. Gumi na sauƙaƙa sha'awar taba, zama da mutane kuma na sauƙaƙa nauyin zuciya.

An gwada wannan tunani na zama da mutane a karkarar arewacin Uganda. Dakta Etheldreda Nakimuli-Mpungu ta horar da ma'aikatan lafiya na ƙauye su jagoranci zaman ƙungiya ga masu ɗauke da cutar, kuma sakamakon 2020 ya nuna damuwa ta ragu ƙwarai. Ba a jira likitan ƙwaƙwalwa daga birni ba. Malamin asibiti a yankin Dakoro ma zai iya farawa da tambaya uku duk ranar ba da magani: "Malam, kana samun barci? Kara nawa kake sha a yini? Da wa kake fita?" Wanda aka saba yi wa waɗannan tambayoyi cikin sirri da mutunci zai fi dawowa wata mai zuwa, kuma da dawowarsa ne magani ke yin aikinsa.