Gicciyen Siward a Tsaunukan Dartmoor

A tsaunukan Dartmoor da ke kudu maso yammacin Ingila, hazo kan rufe hanya farat ɗaya, ga kuma fadamu masu nutsar da ƙafa. Shi ya sa mutanen zamanin da suka yi ta kafa gicciyen dutse a bakin turba, domin matafiyi ya gane hanya, ya kuma tuna Ubangiji. Fitacce cikinsu shi ne Gicciyen Siward, wanda takardar shata iyakar dajin sarki ta 1240 ta ambata.

Da Sarki Henry na Takwas ya fara rufe gidajen 'yan zuhudu a 1536, sai kulawa ta ja baya, har manoma suka mayar da waɗansu madogarar ƙyaure. Na Siward ya karye a 1846, aka ɗaure shi da ƙarfe, kuma har yau yana tsaye.