Yadda Gobir Ta Ci Zamfara

Ƴan'uwa na gida da na ci-rani, duk mun san Madawa ƙasar Gobir Tudu ce, amma kaɗan cikinmu suka san yadda Gobir ta kai ga girma.

Daga Azbin Gobirawa suka gangaro, suka zauna Birnin Lalle. A wancan zamani Zamfara ke da ƙarfi, har ta karya Kabi. Da Abzinawa suka matsa ma Gobirawa, sai suka riƙa shiga ƙasar Zamfara kaɗan-kaɗan, aka ba su wurin noma a bakin gulbin Rima. Suka yi haƙuri har suka yi yawa, Zamfarawa kuwa yaƙe-yaƙe sun gajiyar da su. Sannan Sarkin Gobir Babari ya tashi. Wajen 1764 ya ci Birnin Zamfara, Sarki Maroki ya gudu, Alkalawa ta zama babban birni. Zamanin Bawa Jan Gwarzo, Katsina kanta tana shakkar Gobir.

Amma haraji ya yi ma talakawa nauyi, suka juya baya. A 1808 jama'ar Shehu Usman ɗan Fodiyo suka ci Alkalawa, Sarki Yunfa ya mutu.

Haƙuri da haɗin kai suka ɗaga Gobir, zalunci ya kada ta. Allah ya sa mu gane.