Mutumin da ya fito da madubin hangen taurari bakin titi

A ƙarshen shekarun 1960, idan magariba ta yi a birnin San Francisco na Amurka, wani siririn mutum mai shekara hamsin da 'yan kai yakan kafa wani abu kamar igwa a mahaɗar titin Jackson da na Broderick, ya riƙa kiran masu wucewa su zo su ga Wata. Ko sisi ba ya karɓa. Sunansa John Dobson.

A Beijin ta ƙasar Sin aka haife shi a 1915, iyayensa suka dawo da shi Amurka a 1927. Ya karanta ilimin sinadarai a jami'ar Berkeley, sannan a 1944 ya shiga gidan masu zuhudu na ƙungiyar Vedanta, mai tushe a addinin Hindu. A can ne ya so ya samu madubin kallon sama. Ɗan zuhudu kuwa ba shi da aljihu, ga shi kuma madubin hangen nesa mai kyau a wancan zamani sai mai hannu da shuni. Sai Dobson ya koma ga tarkace. Gilashin tagar jirgin ruwa mai kauri shi ya riƙa gogawa da hannu har ya lotsa ya zama madubi. Bututun kwali irin wanda magina ke zuba kankare a ciki ya zama gangar jiki, falankin katako ya zama mazauni. Ranar da ya fara leƙa Wata da madubinsa mai faɗin inci 12, ya ga tsaunuka da ramuka kamar zai sauka a kansu, nan ya ƙudurta cewa kowa ma sai ya gani.

Wannan ƙuduri ne ya raba shi da gidan zuhudun. Yawan ficewarsa da dare don nuna wa maƙwabta sama ya sa aka sallame shi a 1967. Bai daɗe ba ya haɗu da wasu samari biyu suka kafa ƙungiyar Sidewalk Astronomers, wato masu kallon taurari a gefen titi.

Masana da dama na ganin birni ba wurin kallon sama ba ne, domin hasken lantarki na haɗiye ƙananan taurari. Gaskiya ne, amma bai isa ya haɗiye Wata ba, ko zoben Zuhal, ko manyan watanni huɗu na Mushtari da Galileo ya hango tun 1610, ko Zara da kan koma kamar jinjirin wata. Su ne kuwa ke kama zuciyar sabon shiga. Da ya ɗora ido zai ga hoton a juye, kafin ya gama mamaki abin ya sulale daga madubin saboda juyawar duniya, sai ya ɗan tura bututun da hannu ya bi shi. A nan basirar Dobson take, domin ƙirarsa sama da ƙasa, hagu da dama kawai take motsi, yaro ma yana iya sarrafa ta.

Bai taɓa yi wa ƙirar rajistar mallaka ba, ya dai yi ta koya wa jama'a yadda za su haɗa nasu. Yau kamfanoni na sayar da ita da sunan Dobsonian, kuma ita aka fi shawartar mai farawa da ƙaramin jari ya saya. Dobson ya rasu a Burbank ta jihar Kalifoniya ranar 15 ga Janairu, 2014, yana da shekara 98.